Ɗakin da Ba a Ajiye Zomo

Funtua, 3 ga Yuli, 1978

Zuwa ga Yayana Habila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, da aikin gona da jama'ar Malumfashi. Gwaggo Ladidi tana gaishe ka. Karatu lafiya lau, mun kusa gama aji huɗu.

Bayan haka, Yaya, ka yi haƙuri da wannan wasiƙa, ba ni da wanda zan gaya wa sai kai. Maganar zomayen Inna ce, Auduga da Toka. Ka san tun da ta rasu na taho da su nan, kuma shekara guda ke nan ba wanda ya ce uffan. Suna cikin kejinsu bayan madafa, ina share wurin safe da yamma, ina zuba toka saboda wari. To, ranar Laraba na saki Auduga ta ɗan sha iska, na shiga wanke kayan makaranta, kafin in fito ta tona rami a gindin katanga. Ina jin ciki gare ta. Ramin bai wuce in zura hannu ba, na kuma cike shi nan take da laka. Amma Hajo matar tela, ta ɗakin da ke kallon namu, ta riga ta gani.

Washegari mai gidan, Alhaji Maiwada, ya zo da kansa. Ya ce katangar ƙasa ce, ga damina ta zauna, in ta faɗo wa 'ya'yan mutane wa za a kama? Ya sa Gwaggo ta ɗauko takardar hayar da ya rubuta wa marigayi mijinta, Kawu Yunis, ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, "Ga shi nan, ba a ajiye zomo. Ko su fita kafin ƙarshen wata, ko ku fita tare da su." Takardar da ajami take, ni da Gwaggo ba mu iya ba. Ni dai sai hawaye.

Gwaggo ta ce in kai su gida Kafur. Yaya, ka san Baffa. Ko kwana ba za su yi ba sai a tukunya. Mutanen gidan nan dariya suke mini don na sa wa zomo suna, amma Inna ce ta sa musu, ba ni ba. Toka har yanzu ba ya karɓar ganyen dankali sai an kira shi yadda take kiransa. Kayanta duk an raba, su kaɗai suka zo hannuna.

Don Allah ka gaya mini, ɗan haya ba shi da ta cewa ne? Ka aiko da amsa ta hannun direban da ya kawo maka wannan.

Ni ce ƙanwarka mai biyayya,
Dorkas

*

Malumfashi, 8 ga Yuli, 1978

Dorkas ƙanwata,

Na sami takardarki, ina gaida Gwaggo da kyau. Ke kuma ki share hawaye, aji huɗu guda kina kuka a gaban mai gidan haya!

Zamanin da mai gida zai tashi da safe ya watsar wa mutane kaya waje ya wuce. Yanzu akwai dokar haya, a ofishinmu kullum ana zancenta. Sai ya ba da notis a rubuce, sai an saurari ɗan haya. Sa'an nan ki yi tunani da kanki: shekara nawa da rubuta takardar nan? Ai tun kina goye. Wane mai gida ne a wancan lokacin zai zauna ya rubuta zomo? Da akuya ya ce ko agwagwa, da na yarda. Ya ga ba ku iya karantawa ne, ya karanta muku abin da ke cikinsa.

Ga abin da za ki yi. Ki sami mai iya ajami wanda ba ya cin tuwon Alhaji, ya karanta miki ita daga sama har ƙasa. Ni kuma na riga na rubuta wa mai unguwarku ƙara da sunanki, da injin buga takarda na ofis, na nemi a karanta takardar a gaban jama'a. Bari Alhaji ya ga gidanmu akwai masu boko.

Zuwa kam ba zan samu ba, ana rabon takin zamani, Oga ya hana kowa motsi. Amma kada ki ji tsoro. Ki riƙa ɗaga kai in kina magana da mutane, wannan kallon ƙasa naki shi ke sa a raina ki.

Yayanki,
Habila

*

Funtua, 12 ga Yuli, 1978

Zuwa ga Yaya Habila,

Ina gaishe ka. Ka gafarce ni, yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Yaya, ka janye ƙarar nan. Don girman Allah ka janye ta.

Na yi yadda ka ce. Na ɗauki takardar ba da sanin Gwaggo ba, na kai wa Rabi'atu, wadda muke benci ɗaya, don ta yi makarantar allo har ta sauke. Ta karanta lokacin tara, a bayan aji. Da ta zo layin sai ta fashe da dariya ta ce, "Ke Dorkas, kin ci shari'a! Ba zomo ba ne, zumu ne." Ta nuna mini cewa a ajami baƙaƙen zomo da na zumu iri ɗaya ne. Wani ɗan harafi mai suna wau shi ke raba su, don shi ke sa a ja kalmar. In akwai shi zomo, in babu zumu. Kuma babu shi. Na rungume ta, har na yi tsalle, ni da ban taɓa yi ba a makaranta.

Sai na ce ta karanta mini layin gaba ɗaya. Ga abin da ya ce: ɗakin na Yunis ne da matarsa da 'ya'yan cikinsu kaɗai, ba a ajiye zumu.

Rabi'atu ta daina dariya kafin ni. Ta ce, "Wai Gwaggon nan taki, ƙanwar babanku ce ko?" Na ce i. Ta ninke takardar ta miƙo mini.

Yaya, ni ce zumun. Kusan shekara huɗu ina zaune a ɗakin da takarda ta hana ni zama.

Da na gaya wa Gwaggo, ta ajiye ƙullun ƙosai ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Wa ya aike ki? Mutum ya nuna ƙaramar ƙofa, ke da yayanki kun je kun buɗe babba." Ta ce a lokacin Kawu, 'yan haya kan kwaso dangi daga ƙauye su cika ɗaki, shi ya sa Alhaji ke rubuta haka. Ta tuna yanzu Kawu ya taɓa faɗa mata, ta manta. Jiya kuma ɗan aiken mai unguwa ya zo, ya ce zama ranar Asabar ta sama, ashirin da biyu ga wata, kuma Malam Maitama magatakardansa ne zai karanta. Hajo har ta ce za ta rufe ɗaki ta zo kallo.

In aka karanta zumu, ina zan je? Makarantarmu ba ta kwana ba ce. Ba ni da kowa a Funtua sai Gwaggo, ita kuma ba za ta bar bakin tashar da take suya ba ta nemi wani gida saboda ni. Kafur zan koma, saura shekara guda in rubuta jarrabawar fita. In kuma aka karanta zomo, ka san sauran. Kwana biyu ke nan ina duba allo ba na ganin abin da malam ke rubutawa.

Ka yi wani abu, Yaya.

Ƙanwarka,
Dorkas

*

Malumfashi, 16 ga Yuli, 1978

Dorkas,

Na karanta takardarki sau uku. Laifina ne, ba naki ba, ki gaya wa Gwaggo haka.

Na tambayi wani tsohon masinjan kotu a nan. Ya ce tunda mai unguwa ya riga ya kira Alhaji, janyewa yanzu raini ne, zai ce yara sun mai da shi abin wasa. Ya kuma ce doka tana hana a kori mutum ba notis, amma ba ta goge abin da aka sa wa hannu. Wannan ban sani ba sa'ad da na rubuta miki.

Ɗakina mu uku ne a ciki, ba wurin keji. Akwai wani Malam Bature a gidan gona da ke kiwon zomaye, ya ce zai karɓa. Ba zan ɓoye miki ba, na sayarwa yake kiwo, masu nama ke zuwa saye. Na roƙe shi ya bar naki don iri, ya ce zai duba.

Karatunki shi ne gaba, Dorkas. Inna ma haka za ta ce.

Yayanki,
Habila

*

Funtua, 23 ga Yuli, 1978

Zuwa ga Yaya Habila,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sami taka, ban kuma riƙe ka da komai ba. An yi zaman jiya, bari in gaya maka yadda aka yi.

Da farko, Auduga ta haihu ranar Alhamis da safe. Biyar ne, jajaye, ba gashi, ido a rufe. Ta tsige gashin ƙirjinta ta lulluɓe su.

Zauren mai unguwa ya cika. Ni da Gwaggo muka durƙusa daga bakin ƙofa. Mai unguwa ya ɗaga takardarka ya ce, "Wace ce Dorkas mai injin bugawa?" Aka yi dariya. Aka miƙa wa Malam Maitama takardar haya, ya sa tabarau, ya karanta tun daga bisimilla. Da ya iso wurin sai ya tsaya. Ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya kai takardar wajen haske. Ya ce, "Ranka ya daɗe, takarda ta tsufa, ninki ya ci wurin nan. Ana iya cewa da wau, ana iya cewa babu." Yaya, ni na riƙe takardar nan kwana goma. Ninki bai bi ta wurin ba.

Mai unguwa ya ce, "To Alhaji, kai ka rubuta. Me ka rubuta?"

Alhaji ya ce, "Ni na faɗi nawa tun a gida. A tambayi mai ƙara, ai an ce ta kai an karanta mata."

Gwaggo ta matse mini yatsan ƙafa. Mai unguwa ya ce, "Yarinya, ɗago kai. Me aka karanta miki?"

Na ɗago. Na ce, "Zomo."

Ya ce, "Ban ji ba."

Na ce, "Zomo ne, ranka ya daɗe."

Hajo ta ce daga waje, "To da me aka tara mu?" Mai unguwa ya ce a gaya wa yayana ya riƙa tambaya kafin ya buga inji. Ya ce zomaye su bar gidan, magana ta ƙare.

Ban san lokacin da na ce, "Ta haihu shekaranjiya" ba. Na ce in aka ɗaga su yanzu uwar za ta ƙi su, su mutu. Alhaji ya ja carbinsa. Sa'an nan ya ce, "A bar su su buɗe ido. Ranar da suka buɗe, su tafi. Ba zan aiko kowa ya leƙa ba, ke za ki zo ki faɗa mini da bakinki."

A hanya ya tsaya kusa da Gwaggo ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ladidi, kusan shekara huɗu ina ganin yarinyar nan da jakar makaranta. Kin taɓa jin na ce wani abu? Katangata kawai nake so." Gwaggo ta durƙusa a kan titi tana godiya. Ni ban iya ba.

Yau a coci ban iya rera waƙa ba. Na yi ƙarya a gaban dattawa, kuma duk wanda ya iya karatu a zauren ya san ƙarya ce. Ka gaya wa Malam Bature ya saurare ni. Ka sake roƙonsa a kan maganar iri. Ka ce masa Toka ba ya son a ɗauke shi ta kunne.

Ƙanwarka,
Dorkas

*

Funtua, 30 ga Yuli, 1978

Yaya,

Ina gaishe ka. Gwaggo lafiya.

Yau da safe ɗaya ya buɗe ido. Ƙaramin cikinsu ne, mai baƙi a hanci. Ya kalle ni.

Na wuce ta ƙofar Alhaji zan tafi coci, yana zaune a kan tabarma, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Lafiya dai, 'yar makaranta?" Na ce lafiya. Ya jira. Na tashi na tafi.

Saura huɗu. Cewa ya yi su buɗe, bai ce ya buɗe ba. Kai da ka san doka, haka ne ko?

Kada ka turo kowa tukuna.

Dorkas