Jigon Baba a Takarda

Agege, Legas
4 ga Fabrairu, 2001

Yaya Baiwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Baba?

Ɗakin da na kama tun zuwana hidimar ƙasa ba shi da taga. Abin kallona hotunan Shitu ne, wani mai sassaƙa hatimi a bakin titin jirgi. Yakan yanka siffa a guntun ledar ɗaki mai kauri, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ina da bakwai: fartanya, garma, lauje, gatari, butar ban ruwa da kwando biyu.

Na ce ya yi mini jigo, irin na ɗebo ruwa a lambu. Haihuwar Legas ne, bai taɓa gani ba. Na kwatanta masa, ya fito kamar maratayar mahauta. Laifina ne. Shekara tara ina jan ruwa da jigon Baba, ga digiri a hannu, amma na kasa tuna abin da aka ɗaura a bayansa don nauyi. Abin ya tsaya mini a rai.

Na ji ƙanenmu Ɗan Azumi ya sayo injin ban ruwa, zai cire jigon. Don Allah ki dakatar da shi har ki duba mini.

Ƙaninki,
Abdulhafiz

25 ga Maris, 2001

Yaya Baiwa,

Gaisuwa mai yawa, da barka da Sallah. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Wasiƙarki ta iso. Na yi baƙin cikin jin an riga an sare jigon. Sai na buɗe takardar simintin da kika haɗo, na ga Baba da kansa ya zana jigon da gawayi, mutumin da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ashe rabin dutsen niƙan marigayiya Inna ne nauyin, igiya zagaye uku.

Sau biyu ina mayar wa Shitu aikin, saboda zagaye huɗu yake yi wa igiyar. Na uku ya yi daidai.

Jiya na nuna hoton a kasuwar Mile 12. Wani dattijon dillalin tumatir, Alhaji Sanda, mutumin Ringim ɗinmu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ambaci sunan Baba. Ya ce duk bakin kogin garinmu ba wanda ya rataya dutsen niƙa sai shi. Ya tambaye ni ko ni wane ne a wurin Baba. Yaya, ni da muryata ba ta fita a gaban mutane, sai ga ni na ɗaga murya na ce ni ɗansa ne, har 'yan dako suka juyo.

Ga ɗaya na sa tsakanin kwali biyu, kada a ninke. Ki karanta wa Baba abin da na sa Shitu ya rubuta a ƙasa: Sassaƙar Shitu, zanen Mato Mai Lambu.

Ƙaninki mai kewarku,
Abdulhafiz