Mottel Ya Ƙi Sabon Dandamali

Winnipeg, farkon Oktoba

Yaya Yetta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Leibel da jikoki. Yaya gwiwar? Mu nan lafiya lau, in ban da Mottel Kaplanski da ke neman haukata ni.

Kin san ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta bar ɗakin ƙarƙashin ƙasa na majami'a, mun koma tsohon shagon kujerun nan na kusa da gada da aka gyara mana. Dandamali mai faɗi, fitilu sababbi, ga ɗakin ɗinki a sama. Wasanni uku na shirya bana. Na farkon da yarenmu na Yidish ne, za mu buɗe da shi a bikin Hanuka, kuma Mottel ne zai fito a maigida kamar kullum.

Kowa murna yake ban da shi. Yau wurin warin fenti yake, gobe fitila na kashe masa ido. Jiya ana cikin gwaji ya tsaya cak ya ce, "Perla, wannan ai filin jirgi ne. A mayar da ni ɗakin ƙasa." Na ce, "Baba Mottel, inda bututu ke ɗiga maka ruwa a ka?" Ya ce da shi da ɗigar sun saba. Ya ɗau hularsa ya fice.

Ki gaishe min da yara.

Ƙanwarki,
Perla

Winnipeg, tsakiyar Nuwamba

Yaya Yetta,

Bayan gaisuwa, na ji daɗi da kika ce gwiwar ta yi sauƙi. Nan ƙanƙara ta rufe mu.

'Yan kwamiti sun ce in cire Mottel in sa Asher likitan haƙori, wanda ke magana kamar yana karanta takardar magani. Na yarda, don na gaji. Na ce bari Asabar ta wuce in gaya wa Mottel.

Ranar Juma'a ina kitsa kwaɓin burodin Asabar sai ga Bluma matar Mottel, mai ɗinka mana kayan wasa. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta ce, "Ba fenti ba ne, 'yar nan. Kansa ya daina riƙe magana." Ashe an daɗe, ita ce ke zama da allurarta a bayan labule tana raɗa masa duk abin da zai faɗa. A ɗakin ƙasa labulen na gogar kafaɗarsa. Yanzu mun kai ta sama, shi kuma yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili.

Na ce me ya sa ba su faɗa ba? Ta ce, "Mottel? Ya gwammace a ce da shi mai baƙin hali."

Yaya, na yi kuka, sannan haushi ya dawo. Wata guda da wani abu ina faɗa da tsoho a kan fenti. Na ce wa kwamiti Asher ya koma kan haƙoransa, na ƙara wata tsohuwa a wasan, wadda za ta zauna gefen maigida tana ɗinki ba ta cewa uffan. Bluma ta ce ita ba ta taɓa fitowa gaban jama'a ba, kunya za ta kashe ta. Da ƙyar ta yarda.

Taki,
Perla

Winnipeg, ƙarshen Disamba

Yaya Yetta,

Ina gaishe ki, da fatan kun yi biki lafiya. Mun buɗe, wuri ya cika maƙil.

Da farko komai daidai, tana raɗawa yana faɗa. Can sai daɗi ya ɗebe shi ya soma ƙara nasa. Sai mai kunyar nan ta ajiye allura ta ce da ƙarfi, "Ba haka aka rubuta ba, tsohon banza." Ya juya ya ce, "Ke wa ya sa da ke?" Ta ce, "Ni na sa kaina, tun ranar da na aure ka." Mutane suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Malamin majami'a ya zo ya yaba min, wai ban taɓa rubuta abu mai daɗin wannan ba. Na karɓi yabon abina.

Mottel yanzu cewa yake tun farko shi ya ce a dawo nan. Ita kuwa Bluma ta aiko min da saƙo jiya: sauran wasannin biyu ba ta hawa sai an sa sunanta a takardar tallar da ke jikin ƙofa, kuma sama da nasa. Wasa na biyun a barikin soja ake yin sa, babu mace ko ɗaya. Ga ni nan zaune ina neman dalilin da zai kai tsohuwa da allura cikin sojoji.

In kin samo min, ki rubuto da wuri.

Ƙanwarki,
Perla