Turakun da Aka Kafa a Tsohuwar Makabartarmu

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Jam'iyyarmu na Mazaɓa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'ar da Allah ya ɗora maka nauyinsu.

Ranka ya daɗe, ni ne Malam Ilu, malamin firamare, ɗan marigayiya Inna Hajjo ta bayan Yalwawa. Dattawan da ka aiko mini ranar Juma'a sun isar da saƙonka: wai in janye takarar kansila, in bar wa wanda manya suka tsayar, in yi haƙuri, gaba ta fi baya yawa. Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su ruwa, amma ban ba su amsa ba. Ga amsar nan a bainar jama'a, tunda maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Na ɗaya. Ana yaɗawa wai ina ƙin ci gaba. Haba, Alhaji! Ranar da aka ce Dutse ta zama babban birnin jiha, har da ni aka yi murna a titi. Na ga fitila ta shigo unguwarmu, ɗana ya sami aiki, gonakin gero sun koma gidaje, ban ce uffan ba. Ma'aikacin da aka turo daga Haɗeja ko Taura dole ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Da aka datse burtali na yi shiru. Da aka cike kududdufin da ke shanye ruwan duwatsu, ruwa ya dawo yana kwana a zaurukanmu, na yi gunaguni na haƙura. Haƙurin nan da kuke ba ni, na daɗe ina cinsa.

Na biyu. Bayan babbar sallar da ta wuce, masu awo suka zo da igiya da turaku masu jan fenti, suka yanka filin da ke gabas da tsohuwar kuka. Baƙi ne, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Sun duba ba su ga katanga ba, ba su ga rubutu ba, sai ciyawa da 'yan aduwa, suka ce fili ne. To, mu ai ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna. Tudun ƙasa ne da reshen itace, damina kaɗan ta shafe shi. Haka malamanmu suka koya mana, haka muka binne iyayenmu. Ashe bin sunnar da muka yi shi zai sa a ce ba kowa a wurin. Wanda ya sa musu hannu kuwa ɗan gari ne, ya san abin da ke ƙarƙashin ciyawar nan.

Na uku. Wani bawan Allah, ma'aikaci mutumin Aujara, ya sayi fuloti a nan cikin rashin sani. Leburori na haƙa harsashi sai diga ta fito da fasassun tukwanen da ake rufe kushewa da su, sannan abin da ba zan rubuta ba. Ina wurin. Mutumin nan ya zauna a ƙasa daɓas yana salati, yana cewa da ya sani ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba. Mu muka mayar da ƙasa da hannunmu. Na je wajen masu rabon filin, aka ce in dawo. Na dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Daga ƙarshe wani ya tausaya mini, ya ce maganar ba ta shiga zaman majalisa sai ta bakin kansila. Kansilanmu kuwa yana da fuloti a layin. A ranar na yanke shawarar tsayawa. Ni da ko taron siyasa ban taɓa zuwa ba, yau ga hotona a jikin bango, ɗalibaina suna yi mini dariya wai hular ta karkace.

Layin turakun bai kai ga kabarin Inna ba tukuna, amma saura ƙiris. Wallahi, Alhaji, abin yana cina. Matar da ta yi dakau ta sa ni makaranta, a ce gobe a kanta wani zai haƙa masai?

Yanzu kowa bakinsa shari'ar Musulunci, kuma muna maraba da ita. Sai dai na ji malamai na cewa alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce. Shi mamaci ba ya zaɓe, ba ya zuwa ofis, shi ya sa na ce bari in je a madadinsa.

Roƙona uku ne. A tsayar da gini gabas da kuka, a kewaye wurin ko da ƙaya ce. A sauya wa waɗanda suka saya wani filin, don su ma an cuce su. Sannan a bar mu mu shiga zaɓen fid da gwani, jama'a su yi layi a bayan wanda suke so.

Akwai na huɗu, shi kuma naka ne kai kaɗai. Ranar da aka kai Malam babba, mahaifinka, Allah ya jiƙansa, kana Kaduna wajen aiki, sai bayan kwana biyu ka iso. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, na san inda muka sa shi. Ka zo ranar Juma'a da safe mu je ziyara tare. Akwai turke mai jan fenti daidai wajen kansa. Idan ka tsaya a nan ka dube ni ka ce in janye, na rantse zan janye.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama lafiya. Allah ya jiƙan iyayenmu, mu kuma idan tamu ta zo, ya sa a bar mu inda aka kwantar da mu.

Wassalam.

Naka,
Malam Ilu, mai neman kujerar kansila.