Rodin Ajin Sabuwa

Faskari, 3 ga Yuli

Suwaibatu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigidan naki?

Ni dai na kai ɗana Mas'udu jami'a don ya zama injiniya, ban kai shi ya zama lauya ba. An turo shi hannuna koyon aiki a makarantar da nake ginawa a Sabuwa. Na ce ya rubuta a rahoto cewa rodi mai kaurin sha shida muka saka a rufin siminti, ya dubi tsabar idona ya ƙi, wai siriri mai sha biyu ya gani. Wai ke kika koya masu a aji cewa wanda ya sa hannu kan ƙarya shi kotu za ta nema. Gaban leburorina fa!

Wace mota ke yarda ta shigo hanyar nan da rodi, ga 'yan bindiga? Abin da na samu na saka. Shekara talatin ina gini ba doka ta riƙe mani bango ba. Ki ja mashi kunne.

Yayanki, Alhaji Lawwali

Ƙanƙara, 8 ga Yuli

Yaya Alhaji,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, hutu ma na zo.

Raina ya ɓaci da takardarka. Eh, ni na koya mashi, darasin dokar gini dole ne, ba a ba su digiri sai sun ci shi. Na san hanya ba daɗi, to sai ka rubuta wa masu aikin su ƙara maka lokaci. Yara saba'in za su zauna ƙarƙashin simintin nan, Yaya. Ranar da ya rufto, ɗanka za a ɗaure, don sunanshi ke kan takarda. Ka rasa wanda za ka ɗora ma wa sai shi?

Ba zan ja kunnenshi ba. Ka yi haƙuri, a gaida mutan gida.

Ƙanwarka, Suwaibatu

Faskari, 29 ga Yuli

Suwaibatu,

Sallama.

Na zuba simintin ba da sa hannunshi ba. Ran Asabar aka zo cire katakan da ke tallabe da rufin, sai ɗalibin naki ya ɗauko bulo ya zauna tsakiyar ajin. Ya ce, "Baba, in ka amince da aikinka, ce a cire, ga ni nan."

Kafinta na riƙe da guduma yana jiran bakina. Wallahi sai na ce mashi ya aje gudumar, kada a taɓa katako ko ɗaya.

Jiya muka gama fasa rufin. Kada ki yi mani murna, ban huce da ke ba, kuma ban huce da shi ba. Tun ranar ya bar gida, na ji yana gidanki. Ki ce mashi ya dawo, uwarshi ta daina cin abinci.

Ya biyo ta Funtuwa ya zaɓo rodin da kanshi.

Wassalam, Lawwali