Ragon Kirsimeti a Kalgo

Litinin, 14 ga Disamba, 1925
Albarka bai zo makaranta ba. Shi ne yaron da ya fi kowa kai a ajina, kuma ɗan maƙwabcina Malam Abdulgani, wanda duk garin nan ke jin maganarsa. Da yamma uban ya yi sallama, ya ƙi zama. "Mi kaka koya ma ɗiyanmu, Malam? Boko munka ba ka shi, ba waƙar Nasara ba." Ashe yaron ya ji ni da matata Laraba ta kan katanga muna waƙar haihuwar Almasihu, ya ɗauke ta tsaf. Kai irin nasa ma wani lokaci masifa ne.

Laraba, 16
Rabin aji babu. Na rantse ban taɓa yin wa'azi a makaranta ba, da wannan sharaɗi aka kawo ni daga Zazzau. Wa zai yarda?

Asabar, 19
Baturen makaranta zai zo bayan sabuwar shekara. In ya tarar da tabarmi ba yara, rufewa zai yi. Tsoro nake ji, gaskiya. Ba don kaina kaɗai ba. Albarka ya kusa fara dogon rabawa a lissafi.

Litinin, 21
Laraba ta sa an kawo rago daga Dangoma. Wai da Layya gidajen unguwa sun aiko mana da nama, ba za mu ci namu biki mu kaɗai kamar marowata ba. Na ce za su dawo mana da kwanoninmu yadda suka je. Ta ce, "In kai ka yanka, ƙwarai kuwa. Kai wa Malam Abdulgani ya yanka."
Ni? Ragona, bikina, in ja shi zuwa ƙofar mutumin da ya kwashe mini yara? Na yi faɗa har murya ta dushe. Ita ko daka kawai take yi.

Alhamis, 24
Na wasa wuƙa. Na karanta labarin haihuwar a Linjilar Luka, har inda ba su sami wuri a masauki ba. Na sake wasa wuƙar, ba don ta dakushe ba.

Juma'a, 25, Kirsimeti
Na ja ragon da hantsi, mutane na kallo. Malam yana zaure da almajiransa manya, waɗanda suka biyo shi tun daga Gwandu. Na gaida shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana duban ragon, ni bai dube ni ba. Na riga na shirya yadda zan juya da kunyata.
"Annabi Isa ai ba baƙonmu ba ne," ya ce. "Riƙe mai ƙahwahu."
Na riƙe. Ya fuskantar da shi gabas, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Ni ma na yi tawa addu'ar a zuci. Kwanoni sun fita kafin masallaci. Na gidansa ya dawo da fura. Maganar makaranta, ko kalma.

Asabar, 26
Shiru. Na yi wa Laraba tsawa a kan banza.

Litinin, 28
Malam Abdulgani ya kawo Albarka da kansa, wasu yaran na biye. Ba duka ba. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Lissahi da rubutu. Addininai nawa ne. Ka yi alkawali?" Na yi, a gaban yara. Ya zauna waje har muka tashi, yana jan carbi yana saurare.
Tun da na zo garin nan akwai abin da nake roƙa wa yaron nan kullum, wato ya bi Almasihu, Ubangiji ya sani. Yau da na durƙusa, sai na ji bakina yana roƙon ya girma lafiya, ya yi ilimi, ya amfani mutanensa. Na jira sauran ya fito, bai fito ba, na ce amin.
Ban gaya wa Laraba ba. Gobe dogon rabawa.