Irin Cittata Ba Zai Hau Mota Ba

Madakiya, ta hanyar Kafanchan.

Ɗana Francis,

Don Allah duk abin da ke hannunka ka ajiye. Ko a wurin aiki kake, ko a cikin mota, ka nemi wuri ka zauna ka ji ni yanzu-yanzu, kar ka ce sai an jima. Paulina ce take rubuta mini, maƙwabciyarmu mai koyarwa a garin Gidan Waya, na hana ta tafiya makaranta yau. Afiniki ta zumuntar mata ma tana nan zaune, ita ce shaida, don kar wani ya ce an ƙara mini magana. Paulina ta ce ba a fara wasiƙa haka, sai an yi gaisuwa. To, na gaishe ka cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya matarka da jikokina? Ubangiji ya ba ku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku. Mu nan muna lafiya, sai ƙafata ta hagu da ka sani. Ƙanenka Gershon yana gona kullum, matarsa ta kusa sauka. Gaisuwa ta ƙare, yanzu ka ji.

Jiya da hantsi Alhaji Abubakar Siddiƙ, mai sayen citta a kasuwar Kafanchan, ya zo gidan nan da kansa. Na yi murna, na ce a kawo masa kujera da ruwa, don ka san babansa ne yake sayen cittar babanku tun kana goye. Muka gaisa, muka yi ta hira. Da zai tashi sai ya ce ya zo ne ya yi mini godiya, tunda na yarda a sayar masa da irin cittar da ke binne a gindin mangwaro, mota za ta zo ranar Alhamis da masu lodi. Na ce masa wane iri, wace mota, wa ya yarda? Ya zaro ido, ya ce ai kai ne ka faɗa masa Mama ta gani, Mama ba ta ce komai ba.

Da ya tafi na aika a kira mini Gershon daga gona. Na tsare shi a bakin ƙofa, ko ƙafa bai wanke ba. Shi ne ya buɗe mini komai. Ashe tun da kuka haɗa sana'ar cittar nan, kai a Fatakwal kana neman masu saye, Jacinta ƙanwarku a Abuja tana harkar takardu, shi a gona, a cikin gurup ɗin waya kuke yanke komai. Ashe ni ma kun sa ni a ciki da wayar da ka sayo mini. Ashe kuma ka kafa doka, wai duk wanda ya ga saƙo bai amsa ba har yamma, to ya yarda, don kar aiki ya tsaya. Ya nuna mini wasu 'yan layuka biyu shuɗɗa, ya ce su ne suke gaya maka Mama ta gani.

Me na gani, Francis? Kai ne ka haife ni ko ni na haife ka? Ka manta ko sunana ban iya karantawa ba? Wayar nan ina buɗe ta ne in ji waƙoƙin da matan zumunta suke turowa. Ina danna nan, ina danna can, har in ji murya ta fito. Idan na ga baƙaƙen rubutu sai in wuce, da Turanci ma kuke yi. Yatsana ne ya taɓa, kunnena bai ji ba, bakina bai ce ba. A garinmu, in an kawo wa babba magana ya yi shiru, ba a tashi a ce ya yarda. Shiru ɗin nan shi ne a dawo gobe, a zauna, a sake tambaya. Babanku in ya yi shiru, kai da kanka kakan fita ta bayan gida. Yaushe shiru ya zama i?

Ka ji abin da ya fi ba ni tsoro. Na tambayi Gershon ko shi yana so a sayar. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi bai so ba ko kaɗan, amma a gona babu sabis, sai da ya fito titi ya ga saƙon, lokacin yamma ta wuce, kuma ya ga ni ban hana ba, shi wane ne da zai yi musu da yayansa a rubuce inda kowa zai gani. Na sa Paulina ta kira Jacinta. Jacinta ta ce ita ma abin bai kwanta mata ba, amma ta ɗauka mu na gida mun fi sanin ƙasa, tunda mun yi shiru ita ma ta yi shiru. Ka gani? Mutum huɗu a sana'a, uku ba su so, kowa yana kallon shirun ɗan'uwansa, kai kuma kana can kana murna an haɗa kai.

Gershon ya ce dalilinka shi ne iri yana da daraja bana, a sayar yanzu a sayi injin busarwa, in shuka ta zo a nemi wani irin. Ban ce ba ka da hankali ba. Wataƙila ma kana da gaskiya. Amma ba ka nan shekarar da cuta ta shiga gonakin citta. Ni ina nan. Ganye ya yi rawaya kamar an zuba masa ruwan zafi, in ka tona sai ruɓa da wari. Afiniki ga ta nan, gonarta duka ta tafi, tana kaɗa kai yanzu haka. Namu ɗan abin da ya tsira a gefen tudu, ni na bi shi da hannuna, na ware, na binne a inuwa, na rufe da ciyawa, na riƙa yayyafa ruwa kamar mai renon jariri, har ya yi yawan da yake yanzu. Irin kasuwa ban san gonar da ya fito ba. Wannan ita ce maganata. Da ka kira ni da na faɗa maka, ka faɗi taka, mu yi gardama har katinka ya ƙare. In ka ci ni, da hannuna zan ɗaga ciyawar. Amma ba a tambaye ni ba.

Don haka ka sani, na riga na kai kujerata gindin mangwaro. Ranar Alhamis a nan za a same ni tun fitowar rana. Afiniki ta ce ita da matan zumunta za su zo da ɗankwalinsu iri ɗaya su zauna tare da ni, mu yi ta waƙa. Duk mai lodin da zai taɓa irin nan sai ya fara ɗaga ni ya ajiye a gefe. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Ina tsoron Gershon, don ya ce shi umarnin yayansa yake bi, amma na san ɗana, in ya ga wani ya kama hannuna ba zai tsaya ba. Ina tsoron a ce mu gidan Kumai mun yi faɗa da gidan Alhaji a kan buhu, bayan duk abin da ƙasar nan ta gani, mu da su ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba. Ina tsoro, amma ba zan tashi ba.

Daga yau ga yadda za a yi, ko ku cire ni daga sana'ar ku cire gonata. Duk maganar da ta shafi ƙasa, ko iri, ko sayarwa, da baki za a faɗe ta, da Hausa ko da yarenmu, wayar ai tana ɗaukar murya, tunda waƙa tana zuwa. Kowa sai ya amsa da bakinsa, i ko a'a. Wanda bai amsa ba, a kira shi. Gershon in yana gona, a jira ya fito titi. Dokar nan taka ta shiru ka binne ta, ita ce ta cancanci rami, ba zumuncinku ba. Paulina tana dariya, ta ce in rage zafi. Na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Ka gaishe mini da matarka, ka ce mata na gode da zanen. Ka gaishe da Asher da Peculiar, ka ce kaka tana ajiye musu acca. Gershon da matarsa suna gaisuwa, Afiniki ma haka. Ban yi fushin da zai hana ni yi maka addu'a ba, kullum sunanka nake fara kira.

Paulina za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka kai kaɗai. In layukan nan sun yi shuɗi ka yi shiru, ni ba zan ce ka yarda ba, zan sa a yi ta kiranka. Amma kar ka fara da ni. Alhaji ya ce ya riga ya yi wa mutanensa na Kano alkawari, kuma wanda ya ƙulla ciniki shi kaɗai ne zai kwance shi, in ya ji daga bakinka kafin mota ta bar Kafanchan, zai haƙura ba tare da kunya ba. To, shi za ka fara gaya wa. Ba Jacinta ba, ba Gershon ba, ba gurup ba. Alhaji Abubakar Siddiƙ, da muryarka, ba da yatsa ba. Ni ka san inda nake zaune.

Ni ce uwarka,
Catherine Kumai