Jirgin da Ka Bari Gindin Tsamiya

Zuwa ga Yaya Idi,

Ina gaishe ka gaisuwar da ƙanwa ke yi wa wanta, tunda haka aka raine mu. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, jiya aka yi sadakar arba'in ɗinka. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, don ba ka taɓa barin mace ta kai ƙarshen zancenta ba. Yau dai ba ka da bakin katse ni.

Mutanen gida suna lafiya. Matarka Hassu tana takaba, ta rame. Gero ya yi kyau bana, gulbi ya janye, har an fara shiga Gidan Rumji da ƙafa. 'Yan gaisuwa sun cika ƙofar gidanka suna ta yabon ka, wai tsohon soja, wai mutum mai zuciya wanda ya ga teku. Ina cikin mata ina jin su. Ba wanda ya ambaci jirgin ruwan nan, alhali har shekaranjiya yana nan kwance gindin tsamiya, kowa sai ya wuce ta gabansa kafin ya shigo.

Ka tuna ranar da ka kawo shi? Shekarar da aka sauke tutar Faransa ce. Wani Nasara da zai koma gida ya bar shi bakin tabkin Madarumfa, kai kuma ka sayar da shanun noman Baba ka ɗauko shi cikin motar gyaɗa. Ka tara gari kana nuna musu kayansa. Ga dogon icce tsaye a tsakiya, ga ƙyallen da ke kama iska, ga igiyoyi kamar za a ɗaure raƙuma, ga ƙugiyar ƙarfe ta tsayar da shi. Har ɗan ɗaki gare shi a ciki, da gado biyu da risho, da wani abu kamar agogo da ka ce yana nuna gabas. Wa ya taɓa ɓatar da gabas a gulbin da ake hango wancan gefe? Ka ce an daina fito da gora, ƙasa ta samu 'yanci, mu ma za mu ƙetare ruwa a zaune kamar mutane.

Ni abin da na gani dabam ne. Ƙyallen duk faci ne, rana ta cinye shi. Famfon kwashe ruwa ba ya ja, sai tari yake kamar tsoho. Can ƙasa kuma akwai falangen ƙarfe mai tsawo kamar wuƙa, wanda aka yi don ruwa mai zurfi, ba don gulbinmu da rairayi ke sauya wuri kowace damina ba. Wata safiya na kawo maka fura, na iske ka ka danna babban yatsanka a katakon gindinsa, yatsan ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Ka ɗago muka haɗa ido. Sai ka shafe wurin da kwalta, ka bi da farin fenti, ka karɓi furarka.

Na gaya wa maigidana. Ya yi dariya, ya ce Idi abokinsa ne tun suna kiwon awaki, ba zai bari a ce an rasa mai shiga jirginsa ba. Ka san bai iya ruwa ba. Kai ka fi kowa sani, tunda kai ka sha tsokanar sa a kan haka. Amma da ranar gwaji ta zo, gari duk ya tsaya bakin gulbi ba wanda ya motsa, shi ka kira da suna gaban jama'a. Me zai ce?

Ina tsaye da tsohon ciki ina kallo. Iska ta cika ƙyalle, jirgi ya zabura, mutane suka yi ta guɗa da tafi. Ba a yi nisa ba ruwa ya fara shigowa ta ƙasa. Na ga ka miƙa masa ƙwarya, ka nuna masa ɗakin nan, ya sunkuya ya shiga kwasa. Sai falangen ƙarfen ya kafe a rairayi, jirgi ya tsaya cak, iska kuma ba ta tsaya ba. Ya kwanta a gefe ɗaya a hankali, kamar jakin da kaya suka rinjaya. Kai kana sama, ka yi iyo ka fito. Shi sai da masu gora suka nutsa suka jawo gawarsa.

Wannan duk zan iya cewa ƙaddara ce, mutane ma haka suka ce mini. Amma da jandarma suka zo, me ka gaya musu? Ka ce jirgi lafiyarsa lau, abokin tafiyarka ne ya tsorata ya miƙe tsaye ya rinjaye shi. Mutumin da ke durƙushe cikin ɗaki yana kwashe maka ruwa! Haka aka rubuta a buro, ofishinsu, haka gari ya ɗauka. Ladi, ɗiyar da na haifa bayan rasuwarsa, ta taso yara suna ce mata ubanta matsoraci ne. Ka taɓa jin sun faɗa? Na san ka ji.

Sai ka sa aka jawo jirgin da shanun aro, ka ajiye shi gindin tsamiya, ka ci gaba da gyara. Kowace rani kana ɗinki, kana fenti, kana korar gara, kana cewa baɗi zai koma ruwa. Bai koma ba. Kowace kaka kuma sai in tashi in ga damman gero a ƙofar ɗakina, ba sallama ba magana. Na ɗauka, Yaya, don 'ya'yana suna jin yunwa. Kada ka zaci wani abu ya biya.

Shekaranjiya Hassu ta roƙe ni a raba ta da jirgin, ta ce ba ta iya kallon sa. Maƙeri ya zo ya kwance ƙarfen zai yi hauyoyi. Ƙyallen muka shimfiɗa za mu shanya gyaɗa, ya yage a hannunmu. Kafin a sa gatari na hau, karo na farko a rayuwata, don in ga inda maigidana ya durƙusa. Na san ƙofar ɗakin nan tun ranar da ka nuna wa gari shi, 'yar ƙarama ce mai murfin katako, sai an yi rarrafe. Na iske babu murfin. An bi bakin ƙofar da zarto an faɗaɗa shi, har ƙato zai fita a guje. Aikin hannunka ne, na san yadda kake yanka a karkace.

Ashe ka sani. Duk shekarun nan ka san a ina ya mutu, ka san abin da ya tare shi. Ka gaya wa katako da zarto, ni da ke ƙetaren danga ba ka iya takowa ka gaya mini ba? Ba ka iya tsayawa ƙofar masallaci ka wanke sunan abokinka ba?

Na kira Ladi na nuna mata. Na kira liman da dattawan unguwa su ma suka leƙa, na faɗa musu abin da na gani tun daga yatsanka har zuwa ƙwarya. Ba wanda ya yi mini musu. Katakon jirgin kuwa, da shi muka dafa tuwon sadakarka, ya yi ta hayaƙi ya ƙi ci, sai da muka ƙara kara.

Liman ya ce in yafe maka, wai mamaci ba ya da sauran baki, kuma nauyi ne a kanka. Na ce masa na ji. Allah ya ji ƙan ka, Yaya, wannan ina roƙa maka shi kowace salla don nono ɗaya muka sha. Tawa yafiyar kuwa ba ta zo ba, kuma ba zan shafa mata fenti in ce ta zo ba.

Sai mun haɗu inda za a tambaye mu duka, da ni da kai da shi.

Ƙanwarka,
Rabi, uwar Ladi